ZAMAN CIKIN LEGAS KO KOMAWA GEFEN OGUN: KAFIN KA ƊAURE KAYA KA YI WANNAN LISSAFIN



A taronmu na watan jiya, maganar da ta fi cin lokaci ba ta ma cikin jerin abubuwan da muka shirya tattaunawa. Muna cikin karanta rahoton asusun taimako sai aka lura cewa akasarin waɗanda suka nemi rance a 'yan watannin nan cikon kuɗin haya suka zo nema. Masu neman ƙarin jari sun ragu, masu neman kuɗin mai gida sun ƙaru. Daga nan zance ya ɓarke. Wasu suka ce zaman cikin Legas ya ƙare wa talaka, gara kowa ya nemi fuloti a Mowe ko Ibafo ko Sango ya huta da wulaƙancin masu gidaje. Wasu suka ce wanda ya bar cikin gari ya bar abincinsa, kuma sun ga waɗanda suka tafi suka dawo a wahalce. Har aka yi addu'ar tashi ba a tsayar da magana ɗaya ba. Shi ya sa dattawa suka ce mu zauna mu rubuta abin da muka gani da idonmu a kan wannan lamari, don kowa ya karanta a tsanake.

Bari mu faɗi matsayinmu tun daga farko. Mu ba ma hana kowa komawa gefen gari, kuma muna ganin da yawanmu can ɗin za mu ƙare ko muna so ko ba ma so. Abin da muke ja a kai shi ne yadda ake tafiyar. Mutum ya dubi kuɗin haya kaɗai, ya ji ya yi masa daɗi, ya kwashi iyali ya kai su inda bai san kowa ba, a kan filin da ba shi da takarda, kuma nesa da inda yake neman abinci. Irin wannan ƙaura ita ce gudun gara a faɗa gidan zago.

Duk wanda ke haya a Agege ko Idi-Araba ko Ketu ko Ijora ko Obalende ya san abin da ke korar mutane. Legas ita ce jihar da ta fi kowace ƙarancin faɗin ƙasa a Nijeriya, ga shi kuma kullum sai an sauke sababbin baƙi a tasha. Mai gida ya san in ka fita yau, gobe mutum goma na jiran ɗakin. Shekara ba ta zagayowa sai ya aiko maka da takardar ƙari. In kuma sabon wuri za ka kama, bayan kuɗin hayar akwai na ejan, akwai na lauya, akwai na ajiya saboda ɓarna, har wani lokaci waɗannan su tasam ma rabin hayar kanta.

Akwai doka, kuma ya kamata kowa ya san da ita. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga hannun sabon ɗan haya. Ta kuma ce mai biyan shekara-shekara sai an ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi, in dai ba wata yarjejeniya dabam suka rubuta ba. Dokar ba ta shafi Ikoyi da Victoria Island da Apapa da GRA ta Ikeja ba. Amma mu faɗi gaskiya, mutum nawa ne cikinmu ke da kuɗi da lokacin zuwa kotu da mai gidansa? Yawanci haƙuri ake yi a biya, ko a kwashe kaya. Saboda haka duk wanda ya ce ya gaji, ba mu ga laifinsa ba.

Kuma gefen gari yana da daɗinsa, kada mu ɓoye. Kuɗin da zai ba ka ɗaki ɗaya a gidan haya mai banɗaki ɗaya ga mutum talatin, a can zai iya ba ka ciki da falo da kicin da banɗakinka. Akwai tsakar gida da yara za su yi wasa. Uwargida ta samu inda za ta shanya kaya, ta ɗaure akuya, ta yi girkinta ba tare da rigimar layin murhu ba. Wanda ya taso a gida mai zaure da tsakar gida a Arewa, ya zo ya shekara goma sha biyar yana raba ɗaki ɗaya da labule tsakaninsa da 'ya'yansa da suka fara girma, shi ya san darajar wannan. Sama da duka akwai begen mallaka. A cikin Legas ƙaramin ɗan kasuwa ya daina mafarkin sayen fili. A Ifo ko Ogijo ko bayan Mowe, har yanzu mutum na iya tarawa a hankali ya sayi rabin fuloti ya ɗora ɗaki biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma ga inda lissafin ke karkacewa: hanya.

Mutum yakan kwatanta hayar can da hayar nan ya ga ya rage kuɗi mai yawa, sai ya manta cewa haya sau ɗaya ake biya a shekara, kuɗin mota kuwa kullum ne. Mu ɗauki misali. A ce komawa gefe ta ƙara maka naira 3,000 a kan abin da kake kashewa a mota kowace rana, zuwa da dawowa, har da acaɓar da za ta fito da kai daga lungu zuwa bakin titi. In kana fita kwana 26 a wata, ka kashe naira 78,000. A shekara naira 936,000 ke nan. Ka ajiye wannan kusa da abin da ka rage a haya ka gani. Wannan kuma na mutum ɗaya ne. In akwai yaro mai zuwa makaranta a cikin gari, ko uwargida mai zuwa sarin kaya, sai ka ƙara nasu. Kowa ya sa nasa adadin, amma ya sa na gaskiya, har da na ranar ruwan sama da direbobin danfo ke ninka kuɗi.

Kuma kada a manta kuɗin mota ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kafin ranar 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, ana sayen lita ƙasa da naira 200. Cikin 'yan kwanaki ta kusa 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Waɗanda suka fi jin wannan a jikinsu su ne mazauna nesa. Mun san 'yan uwa da suka ƙaura kafin lokacin da lissafi mai kyau a hannunsu, rana ɗaya lissafin ya rushe, ba da laifinsu ba. Wanda ke tafiya a ƙafa daga ɗakinsa zuwa rumfarsa, shi wannan guguwar ta same shi da sauƙi.

Bayan kuɗi akwai lokaci, shi kuma ba a rancensa. Wanda ke bin hanyar Legas zuwa Ibadan ya san abin da ake nufi da Berger da Kara da doguwar gada. An gyara titin, an faɗaɗa shi, kuma ya fi da sauƙi, amma tirela ɗaya ta faɗi ko tanka ta lalace, ko a yi babban taro a ɗaya daga cikin wuraren ibadar da ke gefen hanyar, shi ke nan an kwana a mota. Masu bin hanyar Abeokuta ta Abule-Egba zuwa Sango su ma suna da nasu labarin. A ce awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Awa huɗu ke nan a rana. Kwana shida a mako, mako hamsin a shekara, awa 1,200. In ka raba da 24, kwana hamsin ne cur, dare da rana, kana zaune a cikin mota. Ka fita yara na barci, ka dawo suna barci. Gidan da ka yi wahalar samu ya zama wurin kwana kawai.

A nan ne ya kamata kowa ya dubi irin sana'arsa, domin ba dukkanmu ne agogonmu ɗaya ba. Mai kayan gwari a Mile 12, motar tumatur da tattasai da albasa cikin dare take isowa daga Arewa, ciniki mai kyau kuma kafin gari ya waye ake yinsa. Wanda ya iso ƙarfe tara sai dai ya sayi abin da wasu suka zaɓa suka bari. Mahauci a mayankar Oko-Oba haka, nama ba ya jiran mai makara. Mai dako da mai lodi a Apapa, aiki na zuwa ne ba sanarwa, wanda ke kusa shi ake kira. Mai shayi da mai tsire kuwa kasuwarsu ta dare ce, su tashi sha biyu ko ƙarfe ɗaya, wace mota za su samu zuwa Mowe a wannan lokacin, kuma da cinikin rana a aljihu? Irin waɗannan, a ganinmu, gara su daure su zauna kusa da abincinsu ko da a matse ne, har sai sun samu yadda za su ɗauke sana'ar su tafi da ita.

Amma akwai waɗanda tafiyar ta dace da su. Mai harkar shanu da raguna a Kara, in ya zauna a Magboro ko Ibafo, kusa ma ya ƙara yi da kasuwarsa. Tela da mai kanti da mai gyaran waya da mai sayar da hatsi, waɗannan duk inda jama'a suka taru za su samu ciniki, kuma jama'a na taruwa a waɗannan garuruwa. Mai aiki a kamfanonin Ota ko Agbara ko Shagamu shi ma ba shi da dalilin biyan hayar cikin Legas. Haka 'yan acaɓa. Tun ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland da Apapa, a watan Satumba na shekarar ta ƙara da Kosofe da Oshodi-Isolo da Shomolu da Mushin. Ƙannenmu da suka nace da aiki a waɗannan wurare babur nawa aka ƙwace musu? Wanda sana'arsa ke nan, gefen gari ya fi masa kwanciyar hankali.

Wani abu da ya canza lissafin a 'yan shekarun nan shi ne jirgin ƙasa na cikin gari. Layin da ake kira Red Line ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba 2024, daga Agbado, wadda ke cikin Jihar Ogun, ya bi ta Iju da Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba ya tsaya a Oyingbo. Jirgi ba ruwansa da cunkoson titi, sai dai yana da lokutansa, dole ka daidaita fitarka da su. Ta ɓangaren Ikorodu kuma akwai motocin BRT masu bin layinsu na kansu ta Mile 12 har zuwa cikin gari. Abin da muke so a fahimta shi ne gefen gari ba iri ɗaya ba ne. Gidan da ke tafiyar minti goma a ƙafa daga tashar jirgi ko tashar BRT dabam, gidan da sai ka hau acaɓa rabin awa cikin taɓo kafin ka ga kwalta dabam, ko da sunan garinsu ɗaya. Dillali zai ce maka "Mowe ne". Ka tambaye shi Mowe ta ina.

Sai maganar fili, wadda ita ce ta fi jawo mana kuka a ofis. Akwai wani ɗan uwanmu, magidanci mai sayar da hatsi, da ya shekara shida yana zubin adashe har ya sayi fuloti a wani ƙauye bayan Sango. An ba shi rasit, an yanka masa iyaka da turaku, an ci an sha. Da ya kai bulo zai fara gini sai wasu samari suka tare shi, suka ce wanda ya sayar masa ɗan ɗaki ɗaya ne a gidan, sauran ɗakunan ba su sa hannu ba. Ya sake biya. Ya zo aza harsashi aka karɓi kuɗi, ya zo rufi aka karɓi kuɗi. Bayan shekara biyu wani mutum ya bayyana da takardun da suka girmi nasa. Yau maganar na hannun lauyoyi, shi kuma yana nan a ɗakin hayar da ya so gudu daga gare shi. Duk wanda ya daɗe a ƙasar Yarabawa ya san waɗanda ake kira omo onile, wato masu cewa su ne 'ya'yan masu ƙasa. Legas ta yi dokar hukunta masu ƙwacen fili a 2016, amma har yau abin bai mutu ba, a Legas ɗin da Ogun duka.

Mu gane cewa rasit ba takardar mallaka ba ce. A ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamnanta ne a matsayin amana. Akwai filaye da yawa da gwamnati ta riga ta karɓe ta ajiye don wani aiki, mutanen gari kuma suna ci gaba da yankawa suna sayarwa. Ranar da gwamnati ta tashi aikinta, katafila ba ta karanta rasit. Kafin ka ba da ko sisi, ka ɗauki mai safiyo mai rajista, naka na kanka ba na mai sayarwa ba, ya auna wurin, a kai ofishin filaye a duba, a Abeokuta in Ogun ne, a Alausa in Legas ne. Ka tabbatar shugaban gidan da manyan 'ya'yan gidan duk sun sa hannu a gaban lauyanka. Ka guji ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki da gefen layin dogo da kan bututun mai. Waɗanda suka ga gobarar bututu ta Abule-Egba a watan Disamba 2006 ba sa bukatar a yi musu bayani. Kuɗin mai safiyo da na lauya suna da ciwo a lokacin biya, amma ba su kai ciwon rasa gumin shekara shida ba.

Kuma kada ka je duba fili da rani. Da rani ko'ina tudu ne. Ka je a watan Yuli, ka sake komawa a Satumba ko Oktoba, lokacin da ake sakin ruwa daga madatsar Oyan ya biyo kogin Ogun. Mutanen Kara da Isheri da Warewa da Agiliti sun san wannan ruwan, ya shiga gidaje da kasuwa a 2019, ya sake shiga a 2023. In ka ga fili ya yi araha fiye da na maƙwabta, ka dubi bangon gidajen da ke kusa, ruwa yakan bar shaidarsa a jiki. Ka tambayi masu shago da matan unguwa, su ba su da abin da za su ci a cinikin. Ka tambayi wuta, kwana nawa take yi ba ta zo ba. Ka tambayi ruwan sha, domin a yawancin waɗannan wurare kowa shi ke haƙa rijiyarsa ta burtsatse, kuma jama'ar unguwa ke haɗa kuɗin turakun wuta da cike ramukan hanya. Duk wannan yana cikin kuɗin gidan.

Yanzu mu zo kan waɗanda ba a cika tambaya ba, wato mata da yara. Mai gida shi ke yanke shawara, amma shi ke fita da asuba. Wadda za ta wuni a gidan ita ce uwargida. A Agege ko Idi-Araba tana da maƙwabta masu jin yarenta, tana da masu sayen ƙosanta da furarta da ɗinkinta, tana da 'yan adashenta, in naƙuda ta taso akwai dattijuwar da za a buga wa ƙofa. Ka ɗauke ta ka kai ta inda ba ta san kowa ba, sana'arta ta mutu, kuɗin cefanen da take taimakawa da shi ya tsaya, ga kaɗaici. Mun sasanta aure fiye da ɗaya da asalin rigimarsa ke nan. Yara kuma a ina za su yi boko, a ina za su yi Islamiyya? In makarantar gwamnati ta yi nisa dole ka biya ta kuɗi, wannan ma ka sa a lissafi. In yaro ya kama zazzaɓi mai zafi ƙarfe biyun dare, ko haihuwa ta zo da gardama, minti nawa ne zuwa asibitin da ke da likita da jini, kuma da wace mota? Ranar da Allah Ya yi wa wani cikawa, su wa za su yi wanka su yi sallah, a ina za a rufe shi? Waɗannan tambayoyi ba su da daɗin ji, amma mu da ake bugo wa waya cikin dare mun san suna zuwa.

Akwai kuma maganar tsaro, mu faɗe ta da hankali. Yawancin shekarun da muka yi a nan lafiya muke zaune da masu masaukinmu, muna ciniki tare, har da auratayya. Amma mun ga Shagamu a 1999, mun ga Idi-Araba a 2002, mun ga Mile 12 a 2016. Ɗaya a Ogun, biyu a Legas, wato ba inda aka rubuta wa tabbas. Abin da muka koya shi ne a ranar tashin hankali, abin da ke tsare mutum shi ne maƙwabtan da suka san shi, da shugabannin da za su ɗaga waya su kira Baale da DPO a saurare su. Wanda ya je ya zauna shi kaɗai, bai gai da mai unguwa ba, bai shiga ƙungiyar masu gidajen layinsa ba, ba ya biyan kuɗin 'yan sintiri, ya bar kansa a fili.

Masu cewa a zauna a cikin gari kuma kada su ɗauka mun ba su gaskiya duka. Zaman haya ba shi da ƙarshe mai kyau ga wanda bai yi tanadi ba. Muna da dattawa da suka shekara talatin, arba'in a Legas, suka biya hayar da ta isa gina gida uku, yau ƙarfi ya ƙare, ba su da ɗaki a nan, ba su da shi a gida. Mun ga yadda aka rushe rumfuna da wuraren kwana a Alaba Rago, mutane suka wayi gari da kayansu a bakin titi. Gari na canzawa, ana sayar da tsofaffin gidajen haya ana gina benaye da ba irinmu ake gina wa ba. Wanda ya zaɓi zama kusa da kasuwarsa ya yi daidai, da sharaɗin kuɗin motar da ya tsira da shi ya riƙa ajiye shi, ya sa a fili, ko a gefen nan ko a garinsu. In ya cinye shi a hidimar yau da gobe, shi ma bai tsira ba.

Wasu sun ɗauki hanya ta uku, iyali a gefen gari, mai gida yana kwana a shago ko ɗakin haɗaka da abokai, ya je gida ranar Asabar. Tana yi wa wasu aiki, kuma ta fi kashe awa huɗu a mota kullum. Sai dai tukunya biyu ce ake ɗorawa, kuma yara maza da suka fara tasawa suna bukatar idon uba fiye da kwana ɗaya a mako. In za a yi haka, a yi shi a inda akwai 'yan uwa kusa da za su sa ido, kuma a sa masa wa'adi.

Wannan ya kawo mu kan abin da muke ganin shi ne mafita. Iyayenmu da suka zo fataucin goro da shanu suka zauna a Agege da Sabo ta Shagamu da Sabo ta Ibadan ba ɗai-ɗai suka watsu ba. Wuri ɗaya suka nema, da sanin sarakunan gari, suka yi masallaci da makaranta da maƙabarta, suka naɗa wanda zai yi magana da yawunsu. Inuwar da suka dasa ita muke sha har yau. In lokaci ya yi da za mu matsa gaba, haka ya kamata mu matsa. Mutum goma ko ashirin su haɗa kai su nemi fili babba a wuri ɗaya, kusa da jirgi ko babban titi. Lauya ɗaya, mai safiyo ɗaya, a raba kuɗinsu. A je wurin Baale da shugabannin unguwa a gabatar da kai tun kafin a sauke bulo. A ware wurin makaranta tun farko, a haƙa rijiya ɗaya. A rubuta rabon kowa da sunansa, kada a bar takarda da sunan mutum ɗaya saboda an yarda da shi, domin rai ba tabbas, magada kuma ba su san alkawarin baki ba. Masu neman sayar da fili sau biyu sukan yi wa mutum ɗaya dariya, amma sukan yi tunani kafin su taɓa mutum ashirin masu lauya.

Wanda kuma bai tabbata ba, ya gwada kafin ya saya. Ka kama haya ta shekara ɗaya a unguwar da kake so, ka ga daminarta, ka bi hanyarta safe da yamma, ka ji abin da iyalinka za su ce. In ta karɓe ku, ka sayi fili da ido buɗe. In ba ta karɓe ku ba, hayar shekara ɗaya ka rasa. Kuma in ka koma, ka koma da gaske: ka mayar da katin zaɓenka can ta ofishin INEC, ma'aikaci kuma ya sani harajin albashi jihar da mutum ke zaune ake biya wa, ba wadda yake aiki ba. Wanda ba ya zaɓe a wuri, ba ya biyan komai a wurin, ba shi da bakin neman a gyara masa hanya.

Mun buɗe rajista a wurin sakatare ga duk mai niyyar neman fili cikin shekara mai zuwa, ya faɗi yankin da yake so da abin da zai iya tarawa a wata. Ba a karɓar kuɗin kowa a yanzu, kuma duk wanda ya zo maka da sunan ƙungiya yana neman kuɗin fili, kada ka ba shi. Muna roƙon 'yan uwa da suka riga suka koma Agbado da Sango da Ibafo da Mowe da Ikorodu su halarci taro mai zuwa su faɗa mana daɗi da wuyar da suka gani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna kuma roƙon magidanta su zo da ra'ayin matansu, ko su bar su su zo su faɗa da bakinsu.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba kowa matsuguni na alheri, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya